Baitin da Na Ƙi Gyarawa

Da sunan Allah nake buɗe bakina, Shi ne kuma shaidata a kan abin da zan faɗa. Ni ko sunana aka rubuta aka ajiye a gabana ba zan gane shi ba. Surukata Hauwa ce ke riƙe da biro, na kuma roƙe ta kada ta gyara mini magana, kada ta sassauta inda na yi wa kaina zafi. Ku 'ya'yana da jikokina, na gida da na nan Amurka, akwai abin da kuka riƙe game da shekarar da maigidana Malam ya rasu wanda ba haka yake ba, kuma ni na shuka muku shi da bakina. Kwanakin nan na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna a kujera sai in miƙe, in na je taga sai in dawo, in buɗe firiji in rufe ban ɗauki komai ba. Hauwa ta ce hawan jini ne. Ni na san abin da yake.

Ciwon ƙoda ne ya kawo mu ƙasar nan. Malam ya yi shekara talatin da ɗoriya yana koyar da tarihi a makarantun Zariya, har ya zama duk inda muka bi a kasuwa sai wani ƙato mai furfura ya durƙusa ya ce shi ɗalibinsa ne. Da ciwo ya matsa, babban ɗanmu ya ɗauko mu zuwa Germantown. Ɗan fari ne, ban taɓa kama sunansa ba, ba kuma yau zan fara ba. Injiniya nake ce masa kamar yadda abokansa suke faɗa. Gidansa a hawa na uku yake, tagar falo tana kallon babban titin nan na 270, inda motoci ke gudu tun asuba kamar an koro su. Sau uku a mako ake kai Malam wankin ƙoda. Sauran kwanakin kuwa yana zaune a gaban wannan taga da hularsa da tabaransa, a shirye tsaf kamar mai jiran a buga ƙararrawar shiga aji, ga shi babu aji. Injiniya yaro ne mai biyayya, ban taɓa jin ya ɗaga wa ubansa murya ba. Sai dai yana da wata ɗabi'a. In Malam ya ɗauko labari a wurin cin abinci, kafin ya kai tsakiya Injiniya ya riga ya zaro waya yana latsawa.

"Baba, a nan sun ce ba a shekarar aka yi ba."

"To, ai wayar ta fi ni ƙuruciya," in ji Malam, ya yi dariya.

Kowa sai ya yi dariya tare da shi. Ni kaɗai nake ganin hannunsa ya tsaya a bakin kwano, ba ya ƙara kai loma. Shekara arba'in da biyar ina zuba wa mutumin nan tuwo, na san lomar ƙoshi, na san ta ɓacin rai.

Ana cikin haka Ummi ta zo da takarda daga makaranta. Ummi ita ce 'yar Injiniya da Hauwa, sunan mahaifiyar Malam aka sa mata, shi ya sa shi yake kiranta uwata. Lokacin tana da shekara goma sha uku. Tana jin Hausa sarai, amma in ka yi mata magana da Turanci take amsawa, kamar duk yaran da aka haifa a nan. Takardar ta gasar tarihi ce tsakanin makarantu, wanda ya yi fice a yankinmu shi zai wuce zuwa ta ƙasa baki ɗaya, kuma abin da aka ba su a shekarar shi ne tarihin Indiya ta dā. Ubanta ya ce zai sa mata komai a kwamfuta. Ita kuwa ta wuce shi ta ajiye takardar a cinyar kakanta. Na ga Malam ya gyara zaman tabarau, na ga bayansa ya miƙe.

"Uwata, ni fa ba na koyarwa kyauta," in ji shi. "Ladana Hausa. Zan sa miki karatun a waƙa, ki haddace da Hausa, in kin je can ki juya musu da Turancinki."

"Baba Malam, bakina ba ya iya," ta ce, tana jan kalmomin kamar mai tauna ƙashi.

"Bakin da ya iya cinye kilishina a ɓoye? Zai iya."

Daga ranar gidan ya canza. Da safe, in Ummi ta hau bas ɗin makaranta, Injiniya ya tafi ofis, Hauwa ta tafi asibitin da take aikin nas, sai ya rage daga ni sai shi. Yana zagaya falo da sandarsa yana haɗa baiti, yana rerawa, yana warwarewa, yana sake ɗaurawa. Ni ina kicin ina yanka albasa, kunnena yana wurinsa. Mu da ba mu yi boko ba kanmu ne littafinmu. Abin da na ji sau uku ya zauna ke nan. A haka na san cewa sifilin nan da ake sa wa a lissafi mutanen Indiya ne suka mayar da shi lamba. Na san labarin wani sarkinsu da ya ci yaƙi, ya zaga filin ya ga gawawwaki, zuciyarsa ta karye, ya ajiye takobi, ya sa aka sassaƙa wa'azinsa a jikin duwatsu da ginshiƙai. Na san malamansu na farko sun riƙe karatun addininsu a ka, daga bakin malami zuwa kunnen ɗalibi, zamani bayan zamani, kafin a zo a rubuta. Da Malam ya faɗi wannan sai ya leƙo kicin.

"Kin ji ko, Hajiya? Da can aka haife ki, da ke ce shugabar makaranta."

"Da na kore ka ranar farko," na ce, "saboda surutu."

Da yamma Ummi ta dawo ya koya mata abin da ya haɗa da safe. Bai bi tarihin daga farko ba. Ya fara da sarakuna, ya bar biranen bakin kogin Indus sai ƙarshe, wai nama a ƙarshen tuwo ake cinsa. Waɗannan birane su ne abin ƙaunarsa, Harappa da Mohenjo-daro, sunayen da na yi kwana biyu harshena yana tuntuɓe a kansu. Ya ce tun kafin a san wasu manyan dauloli mutanen nan suna gini da gasasshen bulo mai awo ɗaya, suna noman auduga suna saƙa, titunansu a miƙe, ƙazantar gidajensu tana bi ta rufaffen lambatu. Ya ce sun bar 'yan hatimai masu hoton sa da wasu dabbobi, da rubutu a sama, kuma har yau duk duniya babu wanda ya iya karanta shi. Na ajiye wuƙa na fito. Na ce ashe akwai rubutun da ni da farfesa muke ɗaya a gabansa? Ya yi dariya har sai da tari ya kama shi. Ga yadda ya fara baitocin:

A bakin Indus aka kafa gari,
Da jan bulo, titi a jere da tsari.
Gida da rijiya da makwarari,
Ruwan wanka ba ya kwana a gari.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga yadda biranen suka mutu. Ya ce a kwalejin horon malamai Baturen da ya koyar da su ya nuna musu hoton ƙasusuwan mutane zube a titi, ya ce wasu baƙi ne suka kwararo daga arewa suka hallaka su. Sai ya ɗaura baitin ƙarshe:

Sai mahara suka zo da dawaki,
Suka ci birnin da ƙarfin yaƙi.

Ummi ba ta ji ko ɗaya daga baitocin biranen nan a bakinsa ba, don ya ce sai sun cika zai ba ta su. A makon da ya gama su jikinsa ya rikice, aka kwantar da shi a asibiti.

Yanzu na zo wurin, Hauwa. Ki rubuta a hankali.

Likitar da ke duba shi mace ce, gajeriya mai fara'a, iyayenta mutanen Indiya ne. Ranar Laraba bayan azahar ta shigo, ni kaɗai ce a wurinsa. Malam da ƙyar yake numfashi, amma da ya ji daga inda asalinta yake sai malantar ta motsa. Suka kama Turanci. Ina jin sunayen biranen nan suna fitowa, ina ganin tana mamaki tana dafa ƙirji. Can sai na ga ta girgiza kai a hankali, ta jawo kujera ta zauna, ta yi masa doguwar magana tana kwatance da hannu kamar ruwa yana janyewa. Na zuba wa fuskarsa ido ina jiran in ga abin da nake gani a wurin cin abinci. Ban gani ba. Idonsa ma haske ya yi. Da ta fita ya yafito ni.

"Hajiya, yau na yi karatu," ya ce. "Mahaifin yarinyar nan malamin tarihi ne a ƙasarsu. Ta ce masu tono sun sake dubawa. Ƙasusuwan nan ba na rana ɗaya ba ne, kuma ba a ga alamar an ci birnin da yaƙi ba. Damina ce ta canza, koguna suka janye, mutane suka riƙa tashi kaɗan-kaɗan har gari ya zama kufai. An daɗe da barin maganar mahara, ni ne labari bai iso ni ba."

"Malam, yarinyar da ba ta kai 'yarka ba ita za ta gyara maka karatu?"

"Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ki saurare ni. Baitocin biranen suna kanki, ki ba uwata duka, ban da na mahara. Ki ce ta bi littafinta a wurin. Ki ce mata kakanta ya yi kuskure, an gyara masa, kuma ya ji daɗi. Ki faɗa mata haka, da wannan lafazin. In na samu sauƙi zan ɗaura wani."

Na ce to. Wallahi na ce to. Washegari magana ta ɗauke masa, ranar Asabar da hantsi Allah Ya karɓi abinSa. Ummi ta zo ta same shi ido a rufe, ba ta samu ko kalma ɗaya ba. Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka makwancinsa. A nan Maryland aka binne shi, cikin ƙasar da bai taɓa nomawa ba, ni kuma ko kabarin ban gani ba sai bayan na fita takaba.

Ba da niyyar ɓoyewa na fara ba, wannan ku yarda da ni. Kwanakin farko ko sunana aka tambaye ni sai na yi tunani. Gida ya cika da masu gaisuwa, daga Mitchellville, daga Springfield, mata suna shigowa da kulolin abinci, maza suna falo. Rana ta uku ina ɗaki a kan darduma, ƙofa a buɗe kaɗan, na ji wani baƙo yana cewa ya ji marigayin masani ne. Sai na ji muryar Injiniya.

"Ƙwarai, Baba ya yi ƙoƙari. Ilimin nasu dai na zamaninsu ne, ka san duniya ta wuce wurin. Amma ya yi ƙoƙari."

Ya yi ƙoƙari. Mutumin da ya koyar da alƙalai da likitoci, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, abin da ɗansa ya samu ya faɗa ke nan. Na san ba da mugunta ya faɗa ba. Amma a kan dardumar nan niyyata ta canza. Na ce a raina, in na fito na ce Malam ya yi kuskure, har wata yarinya ta gyara masa a gadon asibiti, na ba yaron nan sandar da zai riƙa dogarawa har abada. Na ce ba da bakina ba.

Bayan sadakar bakwai Ummi ta ce ta fasa gasar. Ta tura littattafan ƙarƙashin gado. Ni na kira ta ɗakina, na zaunar da ita, na ce kakanki ya bar miki saƙo. Na ga yadda ta ɗago kai. Na rera mata baitocin biranen da irin muryarsa, har inda yake jan numfashi. Ta fashe da kuka, na fashe, muka yi mai isarmu, sannan ta ce in sake. Wata biyu muka yi a haka. Ni ina takaba, ba kwalli, ba turare, ba fita, duniyata daga ɗaki sai taga, lokacin dawowarta daga makaranta shi ne kaɗai abin da nake jira. A watannin nan bakin Ummi ya buɗe da Hausa. Har tsokanata take yi, tana kwaikwayon yadda nake cewa Mohenjo-daro. Kuma duk ranar da muka zo ƙarshe, sai in rera mata baitin mahara tare da sauran. Da farko na ce gobe zan faɗa mata. Gobe ta zo na ce bari ta ƙara ƙarfi. Gaskiyar ita ce in na rera waƙar cikakkiya sai in ji kamar yana falo da sandarsa, in na yi tunanin cire baiti ɗaya sai in ji kamar zan sake rufe masa ido.

Allah bai bar ni da uzuri ba. Saura mako guda gasar, Ummi ta shigo da littafi a buɗe, yatsanta a kan wani layi.

"Kaka, littafi ya ce ba yaƙi ba. Ya ce ruwa ne ya ƙare. Kin tabbata haka Baba Malam ya ce?"

Ga ƙofa an buɗe mini har bango. Kuma ni, a cikin raina, maganar littafin ta fi kama hankalina, don na ga irinta da idona. Garin kakata a arewa da mu, ina yarinya ana cin kasuwa a cikinsa, rijiyoyi suka ƙafe, gida ɗaya ya tashi bana, biyu baɗi, kafin in yi 'ya'ya uku babu kowa sai kukoki. Ba a harba kibiya ko ɗaya ba. Duk na san wannan. Amma abin da ya fito daga bakina daban.

"Da kunnena na ji daga bakinsa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Takarda ce ta san ki ko kakanki?"

Ta dubi littafin, ta dube ni, ta rufe shi.

Ranar gasar Asabar ce. Suka fita da sassafe su uku, Ummi ta sa gyale mai ruwan ƙasa, ta durƙusa na dafa kanta na yi mata addu'a. Da ƙofa ta rufe sai ƙafafuna suka ƙi zama. Na je taga, na dawo, na ɗauki carbi, na ajiye, na wanke kofunan da ke wanke. Ina ce wa kaina tambayoyi ɗari ne, wa ya ce za a tambayi wannan. Wajen hantsi na kasa, na ɗauki waya. Ni da hoto nake gane mutane a waya. Na danna fuskar Injiniya, ta yi ƙara sau biyu, na kashe. Nan take ya kira.

"Inna, lafiya? Yanzu za su shiga."

"Lafiya lau. Hannuna ne ya taɓa."

Da la'asar na ji mabuɗi a ƙofa, ban ji muryar kowa ba. Ummi ta wuce ɗakinta da takalmi a ƙafa. Hauwa ce ta ba ni labari, ga ta nan, in na ƙara ta faɗa. Ta ce yara sun yi ta faɗuwa har ya rage su uku, Ummi tana amsawa kamar ruwa, har wata mata 'yar Indiya da ke kusa da su ta juyo ta tambayi wa ya koya mata. Sai aka zo kan abin da masana a yau suka fi yarda shi ya kawo ƙarshen biranen Indus. Hauwa ta ce ta ga leɓen yarinyar yana motsi, tana rera wani abu a ciki. Tana ta rerawa har lokaci ya kusa cika. Sannan ta ce mahara. Yaron da ke gefenta ya ce ƙafewar ruwa, shi ya wuce.

Injiniya ya jefa mabuɗin mota a kan tebur.

"Ai na faɗa tun farko. Amsar tana cikin littafinta, ta sani. Karatun Baba ne ya..."

Ban bar shi ya ƙarasa ba.

"Ba Malam ba ne. Ni ce. Ni na rikita. Ƙila da labarin sarkin nan mai yaƙi na haɗa, ka san kan tsohuwa. Malam bai faɗi haka ba."

Nan da nan ya sauko. Ya zo ya durƙusa a gabana yana ba ni haƙuri.

"Ba laifinki ba ne, Inna. Ba ki yi makaranta ba, ta ina za ki bambance? Mu ne da laifi da muka bar miki."

Na ji sanyi a raina, Allah Ya yafe mini, na ji kamar na tare wa Malam mari. Sai da na ɗaga ido na ga Ummi tsaye a ƙofar ɗakinta. Yarinyar nan ta san amsar gaskiya, ta ajiye ta a gaban jama'a don kada ta ƙaryata kakanta, ga shi yanzu ina gaya mata abin da ya kayar da ita ma ba nasa ba ne, shirmen tsohuwa ne. In baiti ɗaya shirme ne, sauran fa? A tsaye a wurin na raba ta da gasar, na kuma raba ta da waƙar.

Shekara bakwai ke nan. Ummi ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba. Tana gaishe ni, tana kawo mini magani, tana gyara mini waya. Amma Hausar da ta buɗe ta koma ta rufe, daga ina kwana sai sai da safe. Ba ta sake shiga gasar ba. Yanzu tana jami'a tana karatun kwamfuta irin na ubanta. Ban ce ni na sa ba, ban kuma ce ba ni ba ce. A gidan nan kuwa abin ya zama abin raha, in na manta inda na ajiye tabarau sai a ce Kaka ta kawo mahara. Ina dariya tare da su. Na daɗe ina ganin na yi wa Malam hidimar ƙarshe. Sai a hankali, ina zaune a kujerarsa gaban taga, na gane abin da na binne. Mutum yana kan gadon mutuwa aka ce masa karatunka na shekara hamsin ba daidai ba ne, ya yi murna, ya ce a gaya wa jikarsa. A duk abin da na sani na Malam babu wanda ya kai wannan girma, kuma shi na zaɓa na ɓoye. Na tsare masa baiti ɗaya, na hana 'ya'yansa sanin ko wane ne ubansu.

Juma'ar da ta wuce Ummi ta zo hutu, ita ta kai ni asibitin ido. A hanyar dawowa muka shiga cunkoso a kan 270, motoci sun tsaya cak. Ban shirya ba. Na dubi hannayenta a kan sitiyari na ga hannun babbar mace, sai na ji in ban faɗa yanzu ba za a wanke ni da shi. Na faɗa mata duka, da likitar, da Larabar, da wayar da na kashe. Na faɗa mata saƙon da lafazinsa kamar yadda ya ce. Ba ta dube ni ba. Da hanya ta buɗe ta wuce mahaɗar gidanmu, ta yi ta tafiya, sannan ta sauka ta tsaya a filin ajiye motoci na wani kanti. Ta kifa kai a sitiyari. Ta yi magana mai tsawo da Turanci tana kuka, ban ji ko ɗaya ba, ban kuma ce ta fassara ba. Da ta lafa sai ta juyo, ta nemo Hausar da ƙyar.

"Kaka, ya ce uwata? A asibiti, da bakinsa, ya ce uwata?"

"Ya ce."

"Shekara bakwai ina zaton ya tafi bai tuna da ni ba."

Ta kawo ni gida, ta buɗe mini ƙofar mota, ta riƙe hannuna har hawa na uku kamar kullum. Amma ba ta shiga ba. Ta juya ta koma makaranta a ranar, hutun ma ba ta ƙarasa ba.

Injiniya, kai ne ba ka sani ba har yanzu, don na kasa duban idonka in faɗa, shi ya sa na sa matarka ta rubuta. Ka yi gaskiya, karatun ubanka ya tsufa a wurin nan. Shi ma ya sani, ya riga ka sani, kuma bai ji kunya ba. Ni na ji masa kunyar da bai aike ni ba. In za ka ba baƙo labarinsa nan gaba, ka ba da wannan. Ku kuma sauran, ku daina cewa rashin boko ne ya sa Kaka ta rikita. Ban rikita ko harafi ɗaya ba. Da sanina na yi.

Yau kwana biyar Ummi ba ta kira ba. Duk motsin waya sai na miƙe, in ga ba fuskarta ba ce. Hauwa ta ce za ta yi mata magana, na hana, kuma ina hana ku duka. Kada wanda ya ce mata ta yi haƙuri don ni tsohuwa ce, kada wanda ya tuna mata kwanana sun ƙare. Yafiyar nan haƙƙinta ce, ta riƙe ta iya yadda take so. Ni na riƙe nata shekara bakwai.